Ba a ɗauke mana wuta, amma rigimarta ba ta ƙare ba

Yaya, ka ce me ya yi mana zafi da maganar wuta, mu da ba a ɗauke mana ita. Gaskiyarka, in ba guguwa aka yi ba sai a daɗe ko ƙiftawa ba ta yi ba. Rigimarmu ta bil ce: wa zai biya?

Nan arewacin jihar Virginia ta Amurka, musamman Ashburn ta gundumar Loudoun, cike yake da rumbunan ajiyar bayanan intanet, maka-makan gine-gine marasa taga, kwamfutoci da na'urorin sanyaya su na aiki dare da rana. Amazon da Google da Microsoft duk suna da nasu, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar jihar su ke shanyewa. Kafin a ƙosar da su sai kamfanin Dominion Energy ya ƙara tashoshi da manyan layuka, kuɗin aikin kuwa bisa al'ada a kan duk mai mita ake raba shi. A Disamban 2024 masu binciken majalisar jiha suka ce nan da 2040 bil ɗin gida zai iya ƙaruwa da dala 14 zuwa 37 a wata.

Yadda ake rigimar ne zai ba ka mamaki. Majalisar gunduma kan kira zama, kowa ya rubuta sunansa, a ba shi mintuna kaɗan a gaban makirufo, agogo na lissafi. Tsohuwa da takardar bil a hannu, ɗan ƙungiyar ma'aikata da hular kwano, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. A gundumar Prince William, a Disamban 2023, awa 27 aka kwashe ana zama ɗaya kan Digital Gateway, wani aikin gina irin waɗannan rumbuna. Majalisa ta amince, maƙwabta suka garzaya kotu, a Agustan 2025 alƙaliya ta soke izinin, don ba a buga sanarwar zaman yadda doka ta tanada ba.

Mu Hausawa fa kanmu a rabe yake. Bayan sallar Juma'a ko wurin suna za ka ji mai gadi a rumbunan, ko mai haɗa wayoyi, yana cewa kada a taɓa masa hanyar abinci. Mai gida a Loudoun ya ce harajin kamfanonin ne ya sa aka sassauta musu na gidaje. Ɗan haya a Woodbridge kuwa bil kawai yake gani. Dattawanmu ba sa zuwa zaman, wai baƙo ba ya tsoma baki a rigimar gari. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su san wannan kunyar ba, su ke zuwa.

Ni dai a ganina a gina, amma wanda aka ja wa layi shi ya biya kuɗinsa. Hukumar da ke yanke farashin wuta a jihar ta fara bin nan: a Nuwamban 2025 ta ware wa masu shan megawat 25 zuwa sama rukunin farashi na kansu, daga 2027. Sai mu ga ko zai taɓa bil ɗin ɗan haya.