Amsa ga Hajiya kan gano tushen amai da gudawa a unguwa

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Kin ce bayan walimar suna a layinku mutane da dama sun kwanta da amai da gudawa, an ɗora laifin a kan mai zoɓo, kina kuma tambaya ko akwai yadda ake tabbatar da inda ciwon ya fito. Na daɗe ina aikin duba-gari a nan Kaduna, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Kafin a kama sunan kowa, a ɗauki littafi a bi gida-gida, a rubuta wanda ya kamu, da shekarunsa, da ranar da ciwon ya fara masa har da sa'ar, da abin da ya ci ya sha a kwanakin da suka gabata, da inda gidan ke samun ruwa. Sa'ar nan tana da muhimmanci ƙwarai, domin gubar abincin da ya kwana a ɗumi takan tayar da amai cikin awa 1 zuwa 6, alhali kwalara na iya ɗaukar har kwana 5 kafin ta bayyana. Idan an sami wanda ya kwanta tun kafin sunan, ko wanda bai je ba sam, to mai yiwuwa walimar ba ita ce tushe ba. A kuma tambayi masu lafiya, abin da mutane suka fi mantawa ke nan, domin idan kusan kowa ya sha zoɓon amma tsiraru ne suka kamu, sai a nemi abin da ya raba su da sauran.

Wata damina an kira mu wata unguwa inda jama'a suka haƙiƙance cewa awarar wata baiwar Allah ce ta jawo annoba, har an hana ta suya. Da muka zana layukan a takarda muka sa alama a gidajen marasa lafiya, sai muka ga alamun sun bi hanyar mai ga-ruwa guda. Muka bi kurarsa har rijiyar da yake cika jarkokinsa, muka tarar bakinta daidai da ƙasa yake, ruwan kwata na gangarawa ciki duk lokacin da aka yi ruwan sama, ga kuma masai taku kaɗan daga gare ta, alhali ana son tazarar ta kai mita 30. Ruwan kuwa garau yake a ido, shi ya sa aka sha gardama da mai gidan. Dabarar sa alama a gidajen marasa lafiya ma tsohuwa ce, da ita likita John Snow ya gano famfon da ya yaɗa kwalara a Landan a 1854.

Ko da rijiya ce mafari, ciwon yakan ci gaba a cikin gida ta hannun mai jinya da modar da kowa ke tsomawa a randa, shi ya sa za ki ga an sake kwanciya bayan kwana biyu ko uku. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a rufe randa.

Kada ku tsaya kan bincikenku kaɗai. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma asibitin sha-ka-tafi mafi kusa zai sanar da shi, a ɗauki bahaya da ruwa a gwada. Wanda gudawarsa ta yi kama da ruwan wankin shinkafa a kai shi asibiti nan take, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ita kuma mai zoɓo a je mata da mutunci, a tambaye ta ruwan da ta sirka da shi bayan ta sauke tukunya, da inda ta sayo ƙanƙara, domin tafasasshen zoɓo daga nan yakan gurɓata, kuma mai yiwuwa mai ga-ruwanku ɗaya da ita.