Wai Guelph Storm za ta ɗauki ɗana: in sayar da gonar gado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da yaro ɗan shekara 19. Tun yana sakandare yake buga hoki na fili, kuma ya ƙware a takalmin taya, kullum da yamma yana wajen filin wasa na Karkanda da abokansa. Wani da ya ce shi ejan ne ya ga bidiyonsa a Facebook, ya ce akwai ƙungiyar matasa ta hokin ƙanƙara a Kanada mai suna Guelph Storm, tsohuwar ƙungiya mai manyan kofuna bakwai, wai ta saba ɗaukar 'yan Arewa. Har ya turo mini hoton wani haifaffen Zariya da ya buga mata. Ya ce in biya naira miliyan 4 kuɗin fom da gwaji da biza, a kuma mayar da shekarun yaron 16 a sabon fasfo. Mako biyu ya ba ni. Gonar da na gada a Batagarawa nake shirin sayarwa, uwar yaron ko barci ba ta yi. Ƙungiyar nan akwai ta kuwa, mene ne tarihinta? Daga wani uba a Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai, ka dakatar da cinikin gonar nan. Ƙungiyar akwai ta, haifaffen Zariyar ma gaskiya ne, amma mutumin nan ya ɗebo gaskiya kaɗan ne ya lulluɓe ƙaryarsa da ita. Ƙungiyar ba ta san da zaman ejan ɗin ba.

Guelph gari ne a lardin Ontariyo, kusan kilomita 100 yamma da Toronto. Storm tana buga gasar OHL, wato gasar hokin matasa ta Ontariyo, ɗaya daga cikin gasa uku da ke ƙarƙashin inuwar CHL, wato matakin ƙoli na wasan matasa a Kanada. Tushenta yana komawa ga Toronto Marlboros, ƙungiyar da aka kafa tun farkon ƙarni na 20, wadda Conn Smythe ya saya a 1927 don ta riƙa renon 'yan wasa wa Toronto Maple Leafs, ƙungiyar da ke buga NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka. Marlboros ce ta ci Kofin Memorial, kofin zakaran matasa na Kanada baki ɗaya, sau bakwai: 1929, 1955, 1956, 1964, 1967, 1973 da 1975. A 1989 aka kwashe ta zuwa Hamilton aka sa mata suna Dukes, kasuwa ba ta yi ba, bayan kaka biyu aka sake kai ta Guelph a 1991, ta zama Storm. Garin a lokacin ba shi da ƙungiya a gasar, domin Platers da ta ci masa kofin a 1986 ta riga ta ƙaura zuwa Owen Sound a 1989.

To ka ga kofuna bakwai ɗin da ya faɗa maka na kaka ne, jika bai ci ko ɗaya ba. Da sunan Storm, ƙungiyar ba ta taɓa ɗaga Kofin Memorial ba. Ta kai wasan ƙarshe sau biyu, Portland ta doke ta a 1998 a ƙarin lokaci, Edmonton ta doke ta a 2014. Abin da ta ci shi ne kambun OHL sau huɗu, a 1998, 2004, 2014 da 2019. Na 2019 ɗin shi ne abin ba da labari: ƙungiyar London ta Ontariyo ta ci ta wasa uku a jere, saura ɗaya a fitar da ita, ta dawo ta cinye huɗu, haka ta farfaɗo a hannun Saginaw da Ottawa, da Nick Suzuki a gaba. Kakarta ta farko kuwa, 1991 zuwa 1992, wasa 4 kacal ta ci cikin 66.

Mai hoton nan Rumun Ndur ne. An haife shi a Zariya a 1975, ɗan baya ne, ya buga wa Guelph daga 1992 zuwa 1995. Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, ya buga wasa 69 a NHL tsakanin Buffalo da New York Rangers da Atlanta, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya taka wannan matakin. Abin da ejan ɗinka ya haɗiye shi ne iyayensa sun tafi da shi Kanada tun yana ƙaramin yaro, a Ontariyo ya tashi, a kan ƙanƙarar can ya koyi wasa. Guelph ba ta aiko Zariya neman sa ba. Haka Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, daga Yukiren iyayensa suka kai shi Toronto yana yaro, can ya bi ƙungiyoyin yara har Windsor ta zaɓe shi a 2005. Jarome Iginla kuwa, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a Edmonton aka haife shi. Duka ukun babu wanda ya je da fom.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka, domin wannan kuskuren shi ne yake dawowa a wasiƙun iyaye kullum, daga masu 'ya'yan ƙwallo har masu na kwando. Mutanenmu da sun ji an ce "ƙungiyar matasa", sai su ɗauka makaranta ce, inda za a kai yaro da kuɗin rajista a koya masa wasa daga baƙi zuwa farfaru. A hokin ƙanƙara abin ba haka yake ba ko kusa. Ƙungiya irin Storm ita ce zangon ƙarshe kafin wasan ƙwararru. Yaran da ke cikinta 'yan 16 zuwa 20 ne, akasarinsu sun ɗaura takalmin ƙanƙara tun suna da shekara huɗu ko biyar, sun yi sama da shekara goma ana tace su daga ƙungiyar unguwa zuwa ta gari zuwa ta yanki. Suna buga wasa 68 a kaka gaban 'yan kallo masu biyan tikiti, filin Guelph kansa yana cin mutum sama da dubu huɗu, masu farautar 'yan wasa na NHL suna zaune da littafi suna rubutu. Taurarin NHL Drew Doughty da Dustin Brown daga nan suka fita. Kocin da aikinsa ya rataya a kan cin wasa ba shi da lokacin koya wa kowa yadda ake tsayawa.

Kuma ba a shiga da neman izini, zaɓo mutum ake yi. Yaran Ontariyo da wasu jihohin Amurka ana raba su ne a zaɓen shekara-shekara na OHL, zagaye 15, ƙungiyoyi 20 suna ɗauka bi da bi, a shekarar da yaro zai cika 16. Wanda ke zaune wajen Kanada da Amurka ƙofarsa ɗaya ce, zaɓen 'yan ƙetare na CHL da aka fara a 1992. Shekara da shekaru kowace ƙungiya baƙi biyu kawai aka yarda ta riƙe, sai a 2025 aka ƙara zuwa uku. Waɗannan kujerun ukun kuwa yaran Cek da Sulobakiya da Suwidin da Finlan da Siwizalan ne ke kokawa a kansu, da yawansu sun riga sun buga wa ƙasashensu. Ana wallafa sunan duk wanda aka zaɓa a fili, da ƙasarsa da ƙungiyar da ya baro. Bayan haka sai takardar sauya sheƙa ta bi ta hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, daga hukumar ƙasar yaro zuwa ta Kanada. A Afirka, Afirka ta Kudu da Maroko da Aljeriya da Tunisiya suna ciki, Kenya ta shiga a 2024. Najeriya ba ta ciki. Ka tambayi ejan ɗin wace hukuma ce za ta sa hannu a takardar ɗanka, ka ji yadda zai fara kame-kame.

Batun kuɗi ma a juye ya kawo maka shi. Ƙungiyar OHL ba ta karɓar ko sisi daga ɗan wasa. Ita ke ba shi takalmi da sanduna da sulke, ta sauke shi a gidan wasu iyali a garin su riƙe shi kamar ɗansu, ta ba shi ɗan kuɗin kashewa, ta kuma tara masa kuɗin karatun jami'a gwargwadon kakar da ya buga. Gaskiya ne akwai ƙananan gasa can ƙasa inda ɗan wasa ke biya ya buga, wasunsu ma hukumar Kanada ba ta san da su ba, amma ko su wanda ya riga ya iya suke ɗauka, kuma Guelph Storm ba ta cikinsu.

Na san abin da ke ranka: ai yaron ya iya sanda, ya iya taya, haɗawa kawai za a yi. Kai Bakatsine ne, ka san folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. Ɗauki gwanin hokin fili ka ɗora shi a kan doki ranar gasa, ka ce ai ya iya dukan ƙwallo da sanda. Kowa a filin ya san hawan shi ne wasan, sanda daga baya take zuwa. Haka ƙanƙara take. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma ba a shafe yake ba, an wasa masa kwari a tsakiya ya bar baki biyu masu kaifi, na ciki da na waje. Juyawa da ja da baya da tsallake ƙafa a kwana duk a kan sanin wane baki za a danna suke. Tsayawa kuwa sai mutum ya juya gefe ɗaya cikin gudu ya kankare ƙanƙarar da bakin ƙarfen har ta yi feshi. Taya a kan kwalta riƙewa take yi, ba ta san wannan ba, shi ya sa gwanin taya ranar farko yakan iya miƙewa gaba da kyau, ya je ya rungumi katanga. Takalmin taya yana taimako wajen daidaito da ƙarfin cinya, ban hana shi wannan ba. Sandar ma daban take: a hokin fili da fuska ɗaya ake wasa kuma duk sandunan na dama ne, a ƙanƙara ana amfani da fuska biyu, sandar ta fi tsawo, abin bugun kuma faifan roba ne mai nauyin gram 156 zuwa 170 da ake daskarar da shi kafin wasa, bugun ƙarfi yana kai shi fiye da kilomita 130 a awa.

Haɗarin ya wuce jin kunya. A wannan matakin doka ta yarda a banke mai riƙe da faifai da kafaɗa ko ƙugu, filin kuma mita 61 ne a 26, kewaye da katanga. Wanda bai ƙware ba ƙafarsa yake kallo, kansa a sunkuye, wanda kuwa ya sunkuyar da kai kusa da katanga shi ne ake ɗauka a gadon asibiti da bugun ƙwaƙwalwa ko karayar wuya. Ƙwararru ma ba su tsira ba, a Oktoban 2023 ƙarfen takalmi ya yanki Adam Johnson a wuya yana wasa a Sheffield ta Ingila, ya rasu. Duk wanda ya ce maka wata uku na atisaye za su ishi ɗanka ya shiga cikin waɗannan yaran, ko bai taɓa ganin wasan ba, ko kuma ran yaron bai dame shi ba.

Rage shekarun shi ne ya fi ba ni haushi, domin shi ne ɓarnar da ba ta gyaruwa ko da kuɗi sun dawo. Shekarun yaron suna cikin lambarsa ta NIN, suna kan takardar jarabawarsa ta WAEC ko NECO, fasfo kuma da NIN yake tafiya. Ofishin biza zai ɗauki hoton yatsunsa ya ajiye. Dokar shige da fice ta Kanada tana hana duk wanda aka kama da bayanin ƙarya ko takardar bogi shiga ƙasar har shekara biyar, kuma ba ruwanta da cewa ejan ne ya cika fom ɗin, mai suna a takarda shi ke ɗauka. Gobe yaron ya samu gurbin karatu na gaske, wannan tabon yana jiran sa. Kuɗin bizar ziyara dalar Kanada 100 ne, na ɗaukar yatsu 85, ana biya kai tsaye a shafin gwamnatinsu. Ka lissafa da canjin yau, ka ga nawa ne ya rage a cikin miliyan huɗun da ba shi da suna. Wa'adin mako biyun kuma an sa shi ne don kada ka samu sukunin yin tambayar da ka yi yanzu.

Ka ce ya turo maka abu uku a rubuce: shekarar da zagayen da aka zaɓi ɗanka a zaɓen 'yan ƙetare, wasiƙa daga adireshin imel ɗin da ke kan shafin ƙungiyar na ainihi, da lambar lasisinsa a hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice a Kanada, wadda rajistarta a buɗe take a intanet. Kada ka kira lambar da ya ba ka, ka sa yaron ya nemo shafin ƙungiyar da kansa ya rubuta musu. In ka riga ka tura wani abu, yau ɗin nan ka je bankinka da rasit ka shigar da ƙorafi, ka adana saƙonninsa da lambar asusun, ka kai wa EFCC. In kuma ya karɓi fasfon yaron ko ya fara maganar a bi da shi ta wata ƙasa tukuna, wannan ya zama aikin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Shi kuwa yaron, kada a kashe masa gwiwa. Shekara 19 a hokin fili lokaci ne mai kyau, Najeriya tana da hukumar wasan da ƙungiyar ƙasa, ana kuma buga shi a Gasar Wasanni ta Ƙasa. Ka kai shi ofishin wasanni na jiha ya nemi kocin hoki, da shekarunsa na gaskiya a hannu.