Me ya sa ake ɗibar kwalba biyu wajen gwajin zaiba a ruwa?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa idan za a gwada ruwan rafin da masu haƙar zinari ke wanke ƙasa a ciki, irin na Zamfara da Neja, nake cewa a ɗebo kwalba biyu, alhali zaiba ɗaya ake nema. To, ba iri ɗaya ba ce. Akwai zaibar da ke tashi kamar tururi, akwai wadda ta narke ta zama gishiri a ruwa, sannan akwai metilmakuri, wadda bakteriyar cikin laka marar iska ke sarrafawa. Wannan ta ƙarshe ita ce mai taruwa a naman kifi ta hau ƙwaƙwalwar mutum, ita ce ta sa mutanen Minamata a Japan cutar da aka gano a 1956. A ruwa ba ta da yawa, amma ita ce abin tsoro.

Kwalba ta farko ta jimillar zaiba ce. A hanya mai lamba 1631 ta hukumar kare muhalli ta Amurka, ana zuba sinadarin BrCl, mililita 5 a kowace lita, a rufe a bar shi aƙalla awa 12. Aikinsa shi ne ya farfasa kowane irin haɗi, duk zaibar ta koma gishiri iri ɗaya. Ka duba launi: idan launin ruwan ɗorawa da sinadarin ya ba ruwan ya ɓace, dattin ruwan ya cinye sinadarin, sai ka ƙara. Bayan nan a kashe ragowarsa da sinadarin haidroksilamin, a zuba sinadarin SnCl2 zaibar ta koma tururi, a hura iska ta kwaso ta zuwa tarkon da aka yi da zinari, wanda zaiba ke maƙalewa a jikinsa. A gasa tarkon, iskar argon ta kai tururin gaban fitila mai haske na nanomita 253.7, na'ura ta auna ƙyallin da ya dawo. Da wannan ana iya ba da sakamako har ƙasa zuwa nanogiram 0.5 a lita.

Ka ga amsarka ke nan. BrCl ɗin da ka zuba ya riga ya wargaza metilmakurin. Ruwan da ya sha shi ba zai sake gaya maka wace iri ce a cikinsa ba.

Shi ya sa kwalba ta biyu ba a sa mata komai sai asid HCl, mililita 4 a lita idan ruwan daɗi ne, a ajiye ta cikin sanyi da duhu, don hasken rana na lalata metilmakuri. Nan ne aiki ke buƙatar natsuwa. A hanya mai lamba 1630, ana ɗaukar mililita 45 a turara shi a zafi kusan digiri 125, a tari tururin har ya kai mililita 35, a tsaya. Wanda ya yi kwaɗayin ƙarasa sauran goman zai ja asid ya tsallaka, kuma asid na hana mataki na gaba tafiya. Sai a daidaita tsamin ruwan zuwa pH 4.9, a zuba sinadarin NaBEt4, wanda ke maƙala wa kowace irin zaiba wutsiyar da za ta sa ta tashi. A kama su a tarkon gawayi, a tura su cikin bututun rarrabewa, kowace ta fito a lokacinta. NaBEt4 ba ya jure iska. Ka haɗa shi cikin ruwan sinadarin KOH mai sanyi, ka rarraba a ƙananan kwalabe, ka daskarar. Wadda ka buɗe yau kada ka mayar da ita gobe.

Wani abu da ke ruɗa sabon hannu a ruwan wajen haƙar zinari: idan zaibar gishiri ta yi yawa ƙwarai, turarawar kanta tana iya mayar da ɗan kaɗan ya zama metilmakuri, sai ka ga adadi ya haura gaskiya. Don haka ka fara sanin jimilla kafin ka taɓa kwalba ta biyu.

Kwalbar kuma ta gilas ce ko Teflon, wata roba ta musamman. Robar da aka saba, tururin zaiba na ratsa ta, shiga da fita. Wajen ɗiba mutum biyu ne: ɗaya yana riƙe kaya da ledar waje da aka sako kwalbar a ciki, ɗaya da sabuwar safar hannu ba ya taɓa komai sai kwalba. Idan zaibar da ta narke kaɗai ake so, a tace ruwan da matata mai ramin maikiromita 0.45 kafin a sa asid. Kuma a kowace fita ka tafi da kwalbar tsarkakken ruwa daga ɗakin gwaji, ka yi mata duk abin da ka yi wa sauran a bakin rafi. Idan ta dawo da zaiba a cikinta, kada ka rubuta sakamakon ranar, ka koma ka sake ɗiba.