Aksil ɗin baya ga Peugeot 504 mai injin V8

Malam, ka tambaya ko aksil ɗin bayan Peugeot 504 a-kori-kura zai jure injin Toyota 1UZ, wato V8 mai lita 4. Ba zai daɗe ba, domin an ƙera shi ne don ƙaramin inji mai silinda 4.

Idan za a sauya shi, a Amurka aksil ɗin Ford mai inci 9 ake yayi, amma a Abuja na fi ba ka shawarar na Hilux, saboda kayan gyaransa suna samuwa a kasuwar makanikai ta Apo. Kafin ka biya, a auna faɗinsa daga taya zuwa taya, a duba rabon giyarsa, kuma ka sani cewa ramukan kusoshin tayarsa sun bambanta da na 504. Sai an sake walda mazaunin sifirin, an gyara tsawon farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, sannan a ƙarfafa burki.