Dalilin da yasa duk lambobin wayar suka koma 2147483647

Ɗan uwa mai tambaya, kace ka shigar da lambobin wayar mutane a rumbun bayananka na MySQL, da ka buɗe sai kaga kowa lambarsa ta koma 2147483647, kana tambaya ko kutse akayi maka. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya taɓa ka. Nima wlh haka ta faru dani lokacin da nake haɗa ma wata ƙungiyar adashe rajistar mambobi, kwana biyu ina buga sunaye da lambobi, ranar da zan nuna musu aikin na buɗe a gaban shugabansu sai ga lamba ɗaya tak daga sama har ƙasa, zufa ta keto min kamar an watsa ruwa.

Gurbin lambar wayar ka saka shi a INT, wato nau'in gurbin da ke ajiye lambobin lissafi, shi kuwa bit 32 gareshi (bit ɗan wuri ne mai ɗaukar 0 ko 1), ɗaya ya tafi wajen nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Idan ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna ka cire 1, amsar itace 2,147,483,647, iyakar cikinsa kenan. Lambar da ta fara da 0803 kuma in sifilin farko ya faɗi ta haura biliyan 8, tayi masa yawa, shine yake datse ta a iyakarsa yayi shiru.

Ni abinda ya burge ni da na bi diddigi, ashe lambar nan ba a banza take ba a wajen masana lissafi. Tana cikin lambobin da babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu, kuma cikin danginsu da ake kira na Mersenne, wato waɗanda ake samu in an yi ta ninka 2 da kanta aka cire 1, itace ta takwas. Kada kace duk wadda aka ninka 2 aka cire 1 haka take, gwada sau 11, zaka samu 2047, wato 23 sau 89. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar a 1772 cewa tamu babu mai raba ta, lokacin ma idonsa ya riga ya tafi. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har 46,340, inda gwajin rabawar ya kamata ya tsaya, ba, ya san duk wadda zata raba ta dole in an raba ta da 62 ya rage saura 1, sai aikin ya ragu sosai. Lambar nan ce dai ake fargaba a kanta ranar 19 ga Janairu 2038, da agogon tsofaffin kwamfutoci mai ƙirga daƙiƙa tun 1970 zai cika.

Maganin naka, mayar da gurbin VARCHAR, wato mai ajiye rubutu. Wasu zasu ce BIGINT, wato babban INT, ni ban yarda ba, zai cinye maka sifilin farko, kuma wa ke tara lambar waya da wata? Sai dai kayi haƙuri, waɗanda suka riga suka lalace basa dawowa, ni sai da na sake ɗauko littafin rajistar na buga su daga farko.