Miyar Hantar Masu Jego a China, da Maganar Kunun Kanwa

Likita, mijina ɗan kasuwa ne, muna zaune a Guangzhou. Kwana biyar ke nan da haihuwata. Maƙwabciyata 'yar China ta ce a wurinsu miyar hantar alade ake fara ba mai jego. Na gaya mata addinina ya hana, amma ko akwai wani amfani da zan rasa?

Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Babu abin da za ki rasa. Mutanen China suna da nasu jegon na wata guda da suke kira zuo yuezi, kuma a makon farko ake yawan dafa wannan miya don a mayar da jinin da ya zuba. Amfanin yana cikin hantar kanta: sinadarin ayon (wato sinadarin ƙarfe), da folik asid, da bitamin B12, waɗanda jiki ke haɗa jini da su. Hantar saniya, ta rago, ta akuya da ta kaza duk suna ɗauke da su. Ki aika maigida unguwar Xiaobei da ke nan Guangzhou ya samo ta halal.

Dahuwar ba ta da wuya. A yanka hantar sirara a wanke, a soya ɗanyar citta a man riɗi, a zuba ruwa, in ya tafasa a sa hantar da alayyafo. Su can suna son ta da taushi sosai, ke kam ki bari sai jan cikinta ya ɓace, domin hantar da ba ta nuna ba tana ɗaukar ƙwayoyin cuta. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Kuma ki riƙa tambaya kafin ki ci abincin jegonsu, don da yawa ana zuba masa giyar shinkafa, dahuwa ba ta korar ta duka, tana kuma shiga nono. In jinin biƙi ya ƙaru ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya kama ki, asibiti za ki nufa.

Wata kuma ta ce: Cikina wata biyu. In fara cin hanta kullum tun yanzu?

A'a. Bitamin A ya yi yawa a hanta, yawansa kuma yana iya nakasa ɗan tayi a watannin farko. Ki fara awo, ki sha maganin ƙarin jinin da za su ba ki.

Wani magidanci ya ce: Matata ta haihu kwana 20 da suka wuce. Tana wankan jego safe da yamma, Hajiyarmu na dama mata kunun kanwa kullum. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa. Ko farfesun hanta zai taimaka?

Malam, ajiye maganar farfesu. Ka kai ta asibiti yau, kada ka jira gari ya waye. Kumburin ƙafa, haki, da kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa alamun gazawar zuciya ne har sai likita ya duba ya ce ba ita ba ce.

Bari in yi bayani a hankali, don wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Kanwa gishiri ce. Sinadarin sodiyam da ke cikinta yana sa jiki ya riƙe ruwa. Matar da ta haihu da ma jikinta cike yake da ruwan da ya taru lokacin ciki, zuciyarta na ta faman fitar da shi. Sai a ɗura mata kanwa, a yi mata wanka da tafasasshen ruwa, wani wurin ma a kwantar da ita a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙara aiki. In ta gaza, ruwan sai ya koma huhu da ƙafafu. Shi ne hakin da kake ji, shi ne kumburin da ake kira sanyi. A ce kuma maganinsa ƙarin kanwa? Haba jama'a! Ana ƙara wa jakin da ya durƙushe kaya ke nan.

Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yadda wannan ciwo ya yawaita a tsakanin masu jegonmu. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jinin ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. To amma ko mene ne ya raunana zuciyar, gishiri da zafi ƙara mata nauyi suke yi. Dubi mutanen China: a al'adarsu ta dā mai jego ko wanka ba ta yi, don tsoron wannan sanyin dai. Ita ma waccan al'adar da gyara a cikinta, amma ta nuna cewa ba tafasasshen ruwa ke raya mai jego ba.

Hajiya ba mugunta take yi ba, abin da aka yi mata ne take yi wa surukarta. Ka lallaɓa ta, in da hali ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita. Wanka da ruwa mai ɗumi babu laifi. Kunu na gero ko na gyaɗa a ci gaba da sha, a cire kanwar kawai. A asibiti za a auna jininta, a ɗauki hoton zuciya, a ba ta maganin fitar da ruwa, kuma mata da yawa suna samun sauƙi in an kai su da wuri. Kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya amince. Ina sake gaya maka, yau za ka kai ta.

Wata mai jego ta ce: Tunda na fara maganin ƙarin jini bayan haihuwa, bayan gidana ya koma baƙi. In daina?

Kada ki daina, aikin ayon da ke cikin maganin ne. Ki sha da lemon zaƙi, ki raba shi da shayi, don shayi na hana jiki zuƙarsa. Amma in da jiri, bugun zuciya ko ciwon ciki mai tsanani, ki je a duba ki.