Sokawen maƙwabci na cin katangata, me zan yi?

Tambaya: Barista, ina zaune a Kurna. Sokawen gidan da muka haɗa katanga ta cika tun farkon damina, tana tsattsafowa. Katangata ta jiƙe har filasta na zubowa, rijiyarmu kuma ta fara wari. Na yi wa mutumin gidan magana, ya ce shi ɗan haya ne. Mai gidan kuma kullum sai ya ce gobe. Ina shirin in zuba kankare in toshe bututunsu.

Amsa: Malam, kafin maganar shari'a, a daina shan ruwan rijiyar nan daga yau, ko da an tafasa wa yara na wani wuri ne. Ta irin wannan hanya amai da gudawa da taifot ke shiga gida. Ma'aikatan lafiya suna so a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin shadda da rijiya, abin da filayenmu na cikin gari ba sa bayarwa.

Kankaren nan kuwa, don Allah ka bar shi. Ranar da ka taɓa bututun, kai ne za a kai ƙara kan shiga gidan mutane da ɓarnata dukiya, alhali gaskiya tana hannunka.

Kuma tana hannunka ɗin. A shari'ar Musulunci ƙa'idar ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da hana mutum gina masai inda zai cutar da katanga ko rijiyar maƙwabci. Dokar da kotunan majistare da Babbar Kotu ke bi ita ma ta ba ka damar neman a tsayar da cutarwar, a kuma biya ka diyya.

Batun "ni ɗan haya ne" ba ya kuɓutar da kowa kai tsaye. In cika kawai ta yi, a duba takardar hayarsu, domin sau da yawa kiran motar kwasar shadda yana kan mazauna gida. In ramin ne ya tsage ko aka gina shi manne da katangarka, wannan aibin gini ne, yana wuyan mai gida. Ni dai na fi son a haɗa su biyun a ƙara, su warware tsakaninsu a gaban alƙali.

Fara da mai unguwa, ya zo ya gani da idonsa, abin da aka yi alkawari a rubuta shi da ranar cikawa, kowa ya sa hannu. In ranar ta wuce, kai ƙorafi a rubuce sashen lafiya na ƙaramar hukumarku. Duba-gari suna da hurumin shiga su duba, su ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, su gurfanar da wanda ya ƙi. Karɓi kwafin rahotonsu, don ya fi shaidu biyar nauyi. In ginin ya saɓa tsarin da aka amince da shi, KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ce wurin zuwa.

Tun yanzu ka riƙa ɗaukar hoton katangar duk bayan ruwan sama, ka sa magini ya rubuta maka kuɗin gyara, ka adana rasidin ruwan da kake saya da na asibiti. Da su alƙali zai lissafa diyyarka. Kada ka shafe katangar da sabon siminti sai duba-gari sun gan ta yadda take.